Ba Ƙaddara Ce Ta Cire Murfin Injin Ba

Wata uwa ta shigo ɗakin duba marasa lafiya da ɗanta, saurayi ɗan shekara 19, ta zauna ta ce, "Likita, yaron nan ya ce wani baƙin abu ya tsaya masa a ido, duk inda ya duba yana nan." Na tambaye shi ko idon yana ciwo, ya ce ko kaɗan. Bai yi ja ba, bai yi hawaye ba. Sai dai idan ya rufe na hagu ya dubi fuskar mutum, yana ganin kunnuwa da hula, amma hanci da baki sun ɓace. Mako uku ke nan yana ɗiga maganin da aka ba shi a kemis. Da na leƙa bayan idon, sai ga tabon ƙuna a daidai wurin da mutum yake karatu da shi, yake gane fuskar mahaifiyarsa da shi. Na ce, "Samari, wace sana'a kake yi?" Ya ce yana koyon aiki a wani shago da ake yanka ƙarfen ƙofofi da tagogi da injin leza. Ranar da abin ya faru wani yanki na ƙarfe ya tashi tsaye a kan teburin injin, ya sunkuya zai ture shi injin yana aiki, ya ji kamar wani abu ya yi ɗan ƙas a cikin idonsa, ya ci gaba da aikinsa har yamma. Tabarau ɗin da yake sawa baƙi ne, irin wanda ake sayarwa a bakin titi don rana.

Uwar ta ce maigidan shagon mutumin kirki ne, shi ya ba su kuɗin mota, ya kuma yi musu jaje ya ce ƙaddara ce. Ban yi mata gardama a lokacin ba, don ba ranar gardama ba ce. Yau nake son in yi ta. Mun yarda da ƙaddara, amma ba ita ta je ta zaɓi injin da ba shi da rufi don ya fi araha ba, ba ita ta miƙa wa yaro gilashin rana ta ce ya isa ba, ba ita ta bar shi ya sa kai kusa da wuta ba tare da kowa ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa mene ne a gabansa ba. Mutum ne ya yi waɗannan, yana cikin hankalinsa, ya yi lissafin ribarsa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a shagunan nan wani ne yake jan ruwan, ɗan wani kuma shi yake jiƙewa.

Kada a ɗauka ina gaba da injin. Tun da Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a Amurka a 1960, Kumar Patel kuma ya ƙirƙiro mai aiki da iskar kabon a 1964, wannan haske ya shiga masana'antu da asibitoci, mu ma da shi muke yi wa masu ciwon sukari aiki a bayan ido. Yanzu ya iso garuruwanmu. Da shi ake yanka allunan talla, da kyaututtukan biki masu sunan ango da amarya, da adon takalmi da jaka, da zanen furanni a ƙofofin ƙarfe da ake yayi. Ya ba samari da yawa abin yi, kuma injin da yake rufe ruf, wanda ake bin ƙa'idarsa, ya fi injin gurza ƙarfe da zarto aminci nesa ba kusa ba. Abin da nake faɗa da shi shi ne yadda muka karɓi injin muka bar tarbiyyarsa a tashar jirgin ruwa.

Ga abin da ya kamata kowane uba da kowace uwa su sani kafin su kai ɗansu. Ƙa'idar duniya ta kasa leza aji-aji, daga na 1, wanda ba ya cutarwa, zuwa na 4, mafi haɗari. Duk hasken da ƙarfinsa ya haura rabin wat ya shiga aji na 4: yana ƙona ido, yana ƙona fata, yana tayar da gobara, kuma ko wanda ya daki wani abu ya warwatsu zai iya yin lahani. To, ɗan ƙaramin injin yanka roba da katako mai wat 60 ya ninka wannan iyaka sau 120. Na yanka ƙarfe mai wat 1,500, wanda a wajen masu sana'ar ƙarami ne, ya ninka ta sau 3,000. Idan ka ga an rubuta aji na 1 a jikin irin wannan inji, saboda akwatin da ya rufe shi ne kawai, da makullin tsaro da ke kashe hasken da zarar an ɗaga murfi. Ran da aka manna wa makullin nan salatif, ko aka haɗa wayoyinsa don murfin ya zauna a buɗe, rubutun ya zama ƙarya. Na sha jin dalilin da ake bayarwa: wai buɗewa da rufewa yana ɓata lokaci, wai allon ya fi injin tsawo, wai ana son a ga yadda yankan yake tafiya.

Babban makircin wannan haske shi ne ba a ganinsa. Idon ɗan Adam yana ganin hasken da tsawon zangonsa yake tsakanin nanomita 400 da 700. Lezar yanka ƙarfe, wadda ake kira faiba, tana wajen 1,070. Ta iskar kabon tana 10,600. Tartsatsin da kake gani ƙarfe ne yake narkewa, jan ɗigon da kake gani ɗan manuni ne, ainihin wutar kuwa ba ta da launi. Allah ya yi wa ido mai gadi: idan haske mai ƙarfi ya faɗo masa yakan ƙifta cikin kusan rubu'in daƙiƙa. Mai gadin nan ba ya farkawa sai da abin da ya gani. Saboda haka hasken faiba yakan shiga ba sallama, ya ratsa gaban ido kamar yadda rana take ratsa gilashin taga, madubin cikin ido kuma ya yi aikin da aka halicce shi dominsa, wato ya tattara shi wuri guda. Duk wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girma a rana yana yaro ya san abin da nake nufi. Tattarawar takan ninka zafin hasken har kusan sau 100,000 a kan tantanin gani da ke bayan ido, wanda likitoci ke kira retina. Tantanin nan ba shi da jijiyar jin zafi, shi ya sa saurayin ya gama aikinsa ya tafi gida. A tsakiyarsa akwai ɗan wuri da faɗinsa bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba, da shi ake karatu, da shi ake zura zare a allura, da shi ake tuƙi. Ƙaramin rauni a gefe yakan lafa, jinin da ya zuba yakan washe, wani ramin akan ɗinke shi da tiyata. Amma ƙwayoyin ganin da suka ƙone a tsakiyar nan ba sa sake tohowa, babu ɗigo, babu allura, babu tabarau da zai mayar da su.

Kuma ba sai mutum ya dubi bakin injin ba. Alminiyam, da tagulla, da ƙarfen da ba ya tsatsa, duk suna mayar da haske kamar madubi, musamman a lokacin da ake huda su da farko ko idan yanki ya karkace. Injin da ba shi da rufi ɗakinsa daban ake yi masa, mai bango da ƙofa, kada kowa ya shiga sai da gilashin da ya dace. Mu kuwa a bakin hanya muke girke shi, ƙofar shago a wangale saboda zafi, mai jiran aikinsa yana tsaye a kai, yara masu talla sun yi cirko-cirko suna kallon tartsatsi.

Lezar iskar kabon ba ta kaiwa bayan ido, a gaba take tsayawa ta ƙona fatar nan mai sheƙi da ke rufe da baƙin ido. Wannan kam akwai azaba, kuma idan ƙunar ta yi zurfi takan bar farin tabo. Bambancin nan shi ya sa maganar gilashi ba ta wasa ba ce. Gilashin leza na gaske an rubuta masa lambobi biyu: tsawon zangon hasken da yake tarewa, da ƙarfin tarewar, wanda ake rubutawa da haruffan OD. Kowace lamba ɗaya ragin kashi goma ce, OD 6 yana nufin ɗaya cikin miliyan ne zai wuce. Gilashin da aka yi don injin yanka roba ba lalle ya tare hasken injin ƙarfe ba, ko da kuwa a kwali ɗaya suka zo. Gilashin walda don wani haske dabam aka yi shi. Na rana kuwa gara babu da shi, domin yana sa duhu, ramin tsakiyar ido ya ƙara buɗewa, hasken da ba a gani ya sami ƙofa mai faɗi.

Ido shi ne abin da ya kawo ni wannan magana, amma idan aka ƙirga waɗanda injin nan zai cutar a hankali, masu huhu za su fi yawa. Leza ba ta yanka kamar wuƙa, ƙonawa take yi ta mayar da abu hayaƙi, kuma hayaƙin ya danganta da abin da aka ɗora. Robar PVC, wadda ake yin banar talla da ita da yawancin fatar kanti ta kujeru da jakunkuna, tana fitar da iskar da idan ta haɗu da danshi take zama asid. Masu injin sun san haka, don sun ga yadda take sa ƙarfen injin tsatsa cikin ɗan lokaci, har wasu suna hana yanka ta saboda tausayin injin. Ina ma a ji tausayin maƙogwaron yaro kamar yadda ake jin na ƙarfe. Katakon MDF an haɗa shi da gam mai fomaldihaid, ƙarfen da ba ya tsatsa kuma yana fitar da wani nau'in kuromiyam, kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su biyun a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. Fatar da aka jeme da kuromiyam a masana'anta ita ma ba abar ƙonawa ba ce a ɗakin da ba iska. Soson kujera da dangoginsa suna iya jawo wa mutum asma wadda ba a haife shi da ita ba, ta bi shi har tsufa.

Akwai wani ciwo da nake so iyalai su riƙe sunansa, zazzaɓin hayaƙin ƙarfe. Yana zuwa ne idan an yanka ƙarfe mai rufin zinki, irin na kwanon rufi da bututun ruwa. Mutum zai tashi aiki lafiya, bayan wasu sa'o'i, galibi da dare, sai sanyi ya rufe shi, jiki ya yi zafi, gaɓoɓi su yi ciwo, bakinsa ya yi ɗanɗanon ƙarfe. Kwana ɗaya ko biyu ya warware. Yakan fi tsanani ranar da aka koma aiki bayan hutu. Wace uwa ce za ta ga wannan ba ta ce zazzaɓin cizon sauro ba ne? Sai a sayo magani, zazzaɓin ya tafi don kansa, a yaba wa maganin, mako mai zuwa ya dawo a ce taifod ce. A nan dole in juyo kanmu, mu ma'aikatan lafiya. Mukan tambayi majiyyaci abin da ya ci, ba mu cika tambayarsa abin da yake shaƙa daga safe zuwa magariba ba. Tambaya ɗaya, "Wane aiki kake yi, da wane inji?" da ta hana a yi ta ɗura wa yaro maganin ciwon da ba shi da shi.

Sai batun madara. Masu walda sun daɗe da imanin cewa gwangwanin madara bayan aiki yana wanke hayaƙi, masu leza kuma sun gaje shi. Madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu ya tafi, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Takunkumin yadi ma ba ya tare ƙurar da ta fi gari laushi, balle iska mai guba. Maganin hayaƙi a zuƙe shi daga inda yake tashi, da fanka mai ƙarfi da bututu da matata, a fitar da shi sama. Wanda ya zura bututun ta taga ya saki a lungu, gidan maƙwabci ya mayar da matsalar, inda jariri yake kwance.

Gobara da lantarki ba sai na tsawaita ba. Katako da kwali da roba suna kamawa cikin daƙiƙoƙi, don haka ba a barin inji yana yanka a fita ko da shan ruwa ne, kuma tukunyar kashe gobara a kusa da hannu take zama, ba a ofishin oga ba. Bututun gilashin da ke cikin lezar iskar kabon yana aiki da wuta ta sama da bolt 10,000, kuma akan sami sauranta a maƙale bayan an kashe. Yaron da aka ce ya buɗe baya ya duba me ya hana shi tashi bayan an ɗauke wuta an kunna janareta, an aike shi inda ba lalle ya dawo ba.

Na san abin da masu shaguna za su ce, don na zauna da wasunsu. Na farko, kuɗi: canjin dala ya tashi, man janareta ya cinye riba, inji mai rufi ya fi tsada. Gaskiya ne, ba na raina wahalarsu. Amma wanda ya iya tara miliyoyin sayen injin, ya biya kuɗin fito da na dako, bai isa ya ce gilashi huɗu na gaske da fanka da bangon bulo ne za su karya shi ba. Abin da ya faru shi ne ya sa kuɗin injin a lissafi, bai sa idon yaro ba, saboda ya san idan idon ya tafi ba shi zai biya ba. Na biyu, wai shekara biyar yana aikin nan ba abin da ya same shi. Mai ƙetare titi ido rufe ma yakan yi sa'a sau da yawa. Ga shi kuma lahanin hayaƙi ba ya nuna kansa a shekara biyar, kuma mai ido biyu yakan daɗe da tabo a ɗaya bai sani ba, saboda ɗayan yana rufa masa asiri. Na uku shi ne wanda ya fi ɓata mini rai: wai taimakon yaran ake yi, da suna zaune a gida fa? Koyar da sana'a alheri ne babba, amma amana ce. Uban da ya kawo maka ɗansa ya ce ga shi nan ka koya masa, da ido biyu ya kawo shi.

Dillalan injin su ma suna da kaso. Sukan aiko mai haɗawa ya kwana biyu ko uku yana koyar da yadda ake zane a kwamfuta da yadda ake saita gudu, ya tafi bai ce uffan ba game da abin da ba a yankawa. Littafin injin da Turanci ko Sinanci yake, yana cikin leda ba a taɓa buɗe shi ba. Shafi ɗaya da Hausa, a manna a bango, bai fi ƙarfin kowa ba.

Hukuma fa? Doka tana nan. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, da samar da iska, da fitar da ƙura da hayaƙi, da bai wa ma'aikaci kayan kariya. Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan lafiyar ma'aikata tun 1994. Sai dai tarar da ke cikin dokar da darajar nairar wancan zamani aka rubuta ta, kuma ka tambayi mai ƙaramin shago yaushe rabon da sufeton masana'antu ya leƙo shi, ka ji amsa. Masu karɓar haraji dai ba sa ɓata hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago sun ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.9 ne suka mutu a 2016 saboda cututtuka da raunukan wurin aiki, kuma mafi yawansu ciwo ne ya kashe su a hankali, ba hatsarin da ake gani ba. Irin wannan mutuwa ba ta tara jama'a, shi ya sa ba ta tayar da hankalin kowa.

Akwai kuma haƙƙin da iyalai da yawa ba su san suna da shi ba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take gudanarwa, ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusu, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da mai koyon sana'a da ɗan aikin wucin gadi, ko da yarjejeniyar ta baka ce. Ana sanar da maigida raunin cikin kwana 14, ana shigar da neman diyya cikin shekara guda. Neman wannan ba rashin kunya ba ne, ba kuma butulci ba ne. Kunyar da take hana mu tambaya ita ce jarin da masu sakaci suke juyawa.

Saboda haka, iyaye, kafin ku miƙa yaro ku je shagon da ƙafarku. Ku dubi injin: a rufe yake aiki ko a buɗe? Ku ce a ɗaga murfin yana yanka ku ga ko zai tsaya, amma ku tsaya nesa, kuma idan injin ƙarfe ne marar rufi kada ma ku shiga ɗakin. Ku karɓi gilashin ku nemi lambobin, ku gwada su da lambar da ke jikin injin. Ku bi bututun hayaƙin da ido ku ga inda ya ƙare. Idan warin wurin ya kama muku maƙogwaro a minti biyar, ku tuna ɗanku zai yi sa'a goma a ciki. Wanda kuma ya riga ya fara aikin, ya riƙa rufe ido ɗaya yana duban layin rubutu ko gefen ƙofa da ɗayan, a kai a kai. Idan layi ya lanƙwashe, ko wani wuri ya ɓace, ko aka ji wani abu ya faru a ido lokacin aiki ko da babu zafi, a ranar za a tafi wurin likitan ido, ba kemis ba. Kada a murza, kada a ɗiga nono ko ruwan sukari ko maganin da ya rage wa wani, don wasu ɗigon suna ƙara lalata gaban idon da ya ƙone. A ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin injin a nuna wa likita. Inda asibitin kusa ba shi da na'urar duba bayan ido, a nemi takardar turawa zuwa babban asibitin koyarwa ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda ya shaƙi hayaƙi mai yaji a fitar da shi iska, kuma idan tari ko ƙuncin numfashi ya biyo baya, ko da bayan sa'o'i ne, a kai shi asibiti a daren.

Saurayin nan ya dawo bayan wata biyu. Tabon bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Na gaya masa idon hagu shi ne dukiyar da ta rage masa, na ba shi shawarar ya nemi wani wurin. Ya sunkuyar da kai ya ce saura wata bakwai a yaye shi, kuma shi ne babba a gidansu. Sai na rubuta masa lambar gilashin da ya dace da injinsu a takarda, na ce ya kai wa maigidansa. Mahaifiyarsa ce ta karɓi takardar ta ƙulle a bakin mayafinta, ta ce ita za ta kai da kanta.